JIRGIN JOOLA: Shekara 12 Yana Fito, Dare Ɗaya Ya Tafi Da Mutum 1,863

Yau za mu bar Ikko da Badun da hayaniyarsu, mu nufi yamma, can ƙasar Sanagal, mu duba tarihin wani jirgin ruwa mai ɗaukar mutane da motoci, wanda ake kira Joola. Ran 26 ga watan Satumba na kowace shekara mutanen wannan ƙasa sukan taru a Dakar da Ziguinchor da sauran wuraren da aka binne 'yan'uwansu, su yi addu'a, sa'an nan su sake yi wa Gwamnati tambayoyin da suke yi mata tun shekarar 2002, watau shekarar da jirgin ya kife. Duk wanda ya baro garinsu ya zo kurmi neman abinci, ya kuma san wahalar komawa gida in Salla ta matso, ba zai ji wannan labari kamar na baƙi ba.

Kafin mu shiga batun jirgin, sai mu fara da ƙasar, domin in ba a san yadda take ba, ba za a gane dalilin da ya sa mutum kusan dubu biyu suka cusa kansu cikin jirgin da aka yi domin mutum 580 ba.

GAMBIYA A TSAKIYA

Wanda ya taɓa duban taswirar Afirka ta Yamma ya ga yadda ƙasar Gambiya ta shige cikin Sanagal kamar yatsa a baki. Aikin Turawan mulkin mallaka ne. Ingila ta riƙe kogin Gambiya da gaɓoɓinsa biyu, Faransa ta riƙe abin da ya kewaye shi. Da aka sami mulkin kai, sai Sanagal ta tashi a rabe: Dakar, babban birni, da yawancin ƙasar suna arewa da Gambiya, lardin Casamance kuwa yana kudu, an matse shi tsakanin Gambiya da Gini Bisau. Babban garin lardin shi ne Ziguinchor, a bakin kogin Casamance.

Casamance ita ce mai ruwan sama da dausayi. Can ake samun shinkafa da manja da mangwaro da lemo da kashu da busasshen kifi. Amma kuɗi da manyan makarantu da manyan asibitoci da ofisoshin Gwamnati suna Dakar. Saboda haka su nasu ciranin arewa suke yinsa, ba kamar mu ba da muke gangarowa kudu. Ɗalibi ya tafi Dakar karatu, budurwa ta tafi aikatau, mata 'yan kasuwa, waɗanda can ake ce musu banabana, su ɗauki kayan lambu su kai, su komo da atamfa da kayan masarufi.

To, ta ina za a bi? Hanyar mota mafi kusa ta ratsa Gambiya ne, wajen kilomita 450. A wancan zamani babu gada a kan kogin Gambiya. Sai mota ta tsaya a bakin iyaka, ta shiga, ta je kusa da garin Farafenni ta bi layin jirgin fito, ta ƙetare, ta sake tsayawa a wata iyakar. Manyan motocin kaya sukan yi kwanaki a layi, mangwaro yana ruɓewa a bayansu. Wanda ba ya son wannan sai ya kewaye Gambiya gaba ɗaya ta Tambacounda, tafiyar ta kusa ninkawa biyu.

Bugu da ƙari, ga yaƙi. A cikin watan Disamba na 1982 aka yi wata zanga-zanga a Ziguinchor ta masu neman Casamance ta ɓalle, Gwamnati ta murƙushe ta, aka kama shugabanni, cikinsu har da wani limamin Kirista mai suna Augustin Diamacoune Senghor. Daga nan ƙungiyar da ake kira MFDC ta shiga daji. Daga 1990 abin ya zama na bindiga sosai: ana binne nakiyoyi a gonaki da hanyoyi, ana tare motoci ana yi wa fasinja ƙwace, wani lokaci a kashe. Mutumin Casamance da ya tashi tafiya Dakar, in ya auna hanyar mota ya auna ta ruwa, ta ruwa ce mai sauƙin kuɗi, ita ce kuma yake ganin zai isa da ransa.

ZUWAN JIRGIN

A cikin wannan shekara ta 1990 ne aka kawo Joola. A ƙasar Jamus aka ƙera shi, a wani gari mai suna Germersheim da ke bakin kogin Rhine, domin ya maye gurbin wani tsohon jirgi da ake kira Casamance Express. Tsawonsa bai cika mita 80 ba, faɗinsa wajen mita 12, yana da inji biyu. An yi shi domin fasinja 536 da ma'aikata 44, da kuma motoci 35. Sunan da aka ba shi na ƙabilar Joola ne, watau mutanen da suka fi yawa a yammacin Casamance.

Sau biyu a mako yake zuwa ya komo. Yakan bar Ziguinchor da rana, ya gangara kogi zuwa baki, ya tsaya daura da wani tsibiri da ake kira Carabane ya ƙara mutane da kaya, sa'an nan ya fita teku, ya kwana yana tafiya, ya wayi gari a Dakar. A lura da abu biyu a nan, domin za su komo mana. Na farko, jirgin da zai hau kogi dole ne cikinsa kada ya nutsa da zurfi a ruwa, in ba haka ba zai kafe a yashi. Irin wannan ƙira kuwa ba ta son nauyi a sama in an fita teku. Na biyu, a lokacin babu matsayar jirgi a Carabane. A tsakiyar ruwa yake tsayawa, kwale-kwale su kawo mutane su hau ta gefe. Wa zai tsaya ƙirga a irin wannan hawa?

Da farko wani kamfanin farar hula ne ke tafiyar da shi. Wajen tsakiyar shekarun 1990, da yaƙi ya yi zafi, sai aka danƙa shi a hannun sojan ruwa. Dalilin da ya fi fitowa fili shi ne tsaro, kada 'yan tawaye su hau shi da makamai ko su kai masa hari. Ba za a ce wannan dalili ba shi da tushe ba. Amma a ganina ran nan aka haƙa ramin da aka faɗa a 2002. Jirgin kasuwa, ko na wane ne, akwai hukumar da ke duba shi: ta ga inji, ta ga kayan ceto, ta ƙirga mutane, in ba ta gamsu ba ta hana shi tashi. To, da jirgi ya zama na Gwamnati, matuƙansa suka zama soja masu karɓar umurni daga hafsoshinsu, wane ma'aikacin farar hula ne zai tsaya a bakin tasha ya ce wa mai kaki ba za ka tashi ba? Mai jirgi Gwamnati, mai tuƙi Gwamnati, mai dubawa Gwamnati, wanda zai kawo ceto in an shiga uku shi ma Gwamnati. Binciken da aka yi daga baya ya nuna jirgin ya daɗe yana aiki alhali takardun shaidar lafiyarsa ba su cika ba, ba wanda ya tsayar da shi.

Obalodi kuwa ya zama ruwan dare. Kowa ya sani, daga mai sayar da tikiti har fasinjan da ya saya. Yara ƙanana ba su biya. Soja da iyalansu ba su biya. Wanda ya san wani a cikin ma'aikata, ko ya iya miƙa ɗan abin goro, ya shiga. Shekara da shekaru ana haka ana isa lafiya, har mutane suka ɗauka jirgin ba ya cika.

SHEKARA GUDA A AJIYE

A watan Satumba na 2001 inji ya ba da matsala, aka ajiye jirgin. Shekara guda cur yana ajiye, ba a kawo wani a madadinsa ba. A wannan shekara mutanen Casamance sun ji jiki. Kayan gona sun rasa hanyar kasuwa, masu tafiya suka koma hanyar mota da 'yan fashinta. Shugaba Abdoulaye Wade, wanda ya hau mulki a 2000 bayan jam'iyyar da ta riƙe ƙasar shekara 40 ta faɗi zaɓe, ya riga ya yi alkawarin zai kashe wutar Casamance cikin kwana 100. Ga shi shekara biyu ta wuce wuta ba ta mutu ba, ga kuma jirgi ɗaya tilo da ke haɗa lardin da babban birni yana kwance. Kowace rana da ta wuce, 'yan tawaye suna samun abin faɗi: kun gani, Dakar ta manta da ku.

Saboda haka aka matsa. Aka sa sabon inji a gefe ɗaya, aka yi sauran gyare-gyare, ran 10 ga Satumba 2002 aka yi bikin komawarsa aiki. Kwana 16 ya yi.

Ran Alhamis 26 ga wata, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, ya bar Ziguinchor. Lokacin ƙarshen hutun makaranta ne, ɗalibai ɗaruruwa suna komawa Dakar, daga 'yan makarantar sakandare har 'yan jami'a. 'Yan kasuwar da suka yi shekara suna jira su ma sun fito da kayansu. A Carabane aka ƙara wasu. Waɗanda suka ga tashinsa daga can sun ce tun a lokacin a karkace yake. Da ƙarfe goma na dare ya yi magana da Dakar ta rediyo, ya ce lafiya lau. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, yana daura da gaɓar Gambiya, hadari ya taso da iska da ruwan sama. Cikin 'yan mintoci jirgin ya kwanta, ya juya, cikinsa ya koma sama.

ME YA KIFAR DA SHI?

Mutane da yawa sukan ce hadari ne. Hadarin damina a wannan teku ba baƙo ba ne, kuma a daren nan akwai masunta da jiragensu a wannan yanki, da yawansu sun kwana lafiya. Direbobinmu da yaran mota da ke karanta wannan shafi sun fi kowa sanin abin da ya faru, ko da ba su taɓa hawa jirgin ruwa ba. A ɗauki babbar mota, a bar ƙasan bodi ba nauyi, a tula buhuna a sama har su wuce kanta, a ɗora mutane a kan buhunan, kuma kada a ɗaure kome. A miƙaƙƙiyar hanya za ta tafi. Ran da ta shiga kwana da ɗan gudu, ko iska ta buge ta a gefe, sai labari.

Haka Joola ya kasance. Jirgin ruwa yana da tankuna a can ƙasan cikinsa waɗanda ake cika wa da ruwa domin nauyi ya zauna ƙasa. Masu bincike sun tarar ba a yi amfani da su yadda ya kamata ba, ba a kuma yi lissafin daidaiton jirgin kafin tashi ba. Motoci da kayan da ke ciki ba a ɗaure su ba. Mutane kuwa, saboda cunkoso da zafi, ɗaruruwa sun hau saman jirgin sun shimfiɗa tabarmi. Da ruwan sama ya sauko da iska daga gefe guda, sai suka ruga ɗaya gefen neman mafaka. Jirgi ya ƙara karkata, kaya suka zame suka bi su, ruwa ya shiga ta tagogin ƙasa da aka bari a buɗe domin shan iska. Daga nan babu mai iya tayar da shi. Ko kiran neman agaji ba a samu an yi ba.

Lissafin mutanen ma abin dubawa ne. Da farko hukuma ta ce wajen 800 ne a ciki. Bayan 'yan kwanaki ta ce 1,034. Sai da aka yi watanni iyalai suna kawo sunayen waɗanda ba su komo ba, kana Gwamnati ta tsaya a kan cewa mutum 1,863 suka mutu, 64 suka tsira. Ƙungiyoyin iyalan mamatan suna cewa adadin ya haura 1,900. In an haɗa matattu da masu rai bisa ga lissafin Gwamnati kanta, mutum 1,927 ke nan a jirgin mutum 580, fiye da ninki uku. Ko adadin nan na 1,034 da ke rubuce a takarda ya kusa ninka abin da aka yarda a ɗauka, watau tun a ofis aka karya doka, kafin a zo ga masu shiga ta bayan fage. Jirgin Titanic da ya nutse a 1912, wanda duniya ba ta gaji da labarinsa ba, mutum wajen 1,500 ya ci. Cikin 64 ɗin da suka tsira daga Joola, mace ɗaya ce tak.

Amma abin da ya fi ci wa iyalai rai har yau shi ne abin da ya biyo bayan kifewar. Jirgin bai nutse nan take ba. Ya kwana a kife yana yawo a kan ruwa, iska ta maƙale a wasu ɗakunansa, akwai mutane da rai a ciki. Waɗanda suka samu suka hau bayansa sun ba da labarin suna jin ihu da bugun ƙarfe daga ƙarƙashinsu. Masunta ne suka fara zuwa da asuba suka kwashi waɗanda suka gani. A Dakar kuwa, jirgin da aka saba ji daga gare shi cikin dare ya yi shiru tun ƙarfe goma, ba wanda ya tashi hankalin kowa har gari ya waye. Agajin hukuma bai iso ba sai da rana ta yi nisa. Da rana tsaka aka ciro wani yaro da rai, ya ce akwai saura a ciki. Daga baya jirgin ya nutse da su. Gawawwakin da aka samu ba su kai sulusin mamatan ba, yawancinsu kuma ba a gane su ba. An binne su a Mbao kusa da Dakar, da Kantene da Kabadio a Casamance, da Bassori a Gambiya.

A shekarar ce, wata huɗu kafin wannan, Sanagal ta doke Faransa da ci ɗaya da nema a wasan farko na cin kofin duniya, ta kai har zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Kyaftin ɗin 'yan wasan, Aliou Cisse, haifaffen Ziguinchor ne, ya rasa dangi 11 a jirgin. A watan Oktoba 'yan wasan Nijeriya suka je Dakar aka yi wasan sada zumunci domin tara wa iyalan mamatan gudummawa, shi ma ya buga.

WA AKA HUKUNTA?

A nan sai mu yi wa Shugaba Wade adalci. Bai tsaya yana laɓewa bayan ƙaddara ba; ya fito ya ce alhakin yana wuyan Gwamnati. Cikin mako guda Ministan Soja, Youba Sambou, da Ministan Sufuri, Youssouph Sakho, suka ajiye aiki. A farkon Nuwamba aka sauke Firayim Minista, Mame Madior Boye, mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami a ƙasar, tare da majalisarta. A 2003 aka cire Babban Hafsan Sojojin ƙasar, Janar Babacar Gaye, da waɗansu hafsoshi. Aka kuma yanke diyyar Sefa miliyan 10 a kan kowane mamaci. A ƙasashenmu na Afirka, inda akan yi irin wannan a tashi da kafa kwamiti kawai, ba ƙaramin abu ba ne Minista ya sauka.

Sai dai sauka daga kujera daban, tsayawa gaban alƙali daban. A watan Agusta na 2003 masu gabatar da ƙara na Gwamnati suka rufe maganar, suka ce laifin na matuƙin jirgin ne, Issa Diarra, shi kuwa ya mutu tare da fasinjansa, ba a shari'a da gawa. Lalle matuƙi yana da nasa kason, domin shi ke da ikon cewa ba zan tashi ba. Amma shi ya sayar da tikiti? Shi ya bar jirgi yana aiki ba cikakkun takardu? Shi ya yi barci a Dakar har gari ya waye? Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A nan an hango na wanda ba zai iya buɗe baki ya kare kansa ba. Janar Gaye ma bai daɗe a gida ba, a 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi shugabancin rundunarta a Kwango.

Da yake akwai Faransawa 18 cikin mamatan, iyalansu suka kai ƙara a ƙasarsu. A watan Satumba na 2008 wani alƙali a garin Evry ya ba da takardar a kamo manyan Sanagal tara, har da tsohuwar Firayim Minista da tsohon Ministan Soja da manyan hafsoshi. Gwamnatin Dakar ta fusata, ta ce cin mutuncin ƙasa ne, har ita ma ta ba da takardar a kamo alƙalin. Aka yi ta ja har 2014, sa'ad da alƙalan Faransa suka ce ko da akwai abin tuhuma, ba su da ikon yi wa waɗannan mutane shari'a, domin aikin Gwamnatin wata ƙasa suke yi lokacin da abin ya auku. Babbar kotun ƙasar ta tabbatar da haka a 2018. Ga inda danƙa jirgi ga soja ya kai: a gida an ce mai laifi ya mutu, a waje an ce jirgin Gwamnati ne, ba a taɓa masu shi. Ni ban ga laifin Sanagal ba da ta ƙi yarda tsohuwar uwar gijiyarta ta yi wa Ministocinta shari'a. Abin da ya rage mata shi ne ta yi shari'ar da kanta, ba ta kuwa yi ba.

BAYAN JOOLA

Shekara uku Casamance ta yi ba jirgi. A ƙarshen 2005 aka yi hayar wani mai suna Wilis daga Indonesiya. A 2008 aka kawo sabo daga Jamus mai ɗaukar mutum wajen 500, aka sa masa sunan Aline Sitoe Diatta, wata mace 'yar ƙabilar Joola da ta yi wa Faransawa tsaye a zamanin yaƙin duniya na biyu, suka kore ta zuwa Tambutu, ta rasu a can a 1944. A 2015 aka ƙaro biyu ƙanana daga Koriya ta Kudu, Aguene da Diambogne. Sunayen nan na waɗansu 'yan mata biyu ne 'yan uwa ɗaya a tatsuniyar ƙasar, wai kwale-kwalensu ya tsage biyu a teku, ɗaya ruwa ya kai ta kudu ta haifi Joola, ɗaya ya kai ta arewa ta haifi ƙabilar Serer, shi ya sa ƙabilun biyu suke wasa da juna kamar Fulani da Barebari. Ban san wanda ya ga dacewar a sa wa jirgin fasinja sunan waɗanda jirginsu ya tsage ba, amma mutanen can sun karɓa da murna.

An gyara abubuwa da yawa, kada mu ƙi faɗi. An mayar da tafiyar da jiragen hannun kamfanin farar hula, ba a shiga sai da tikiti mai suna da katin shaida, in kujeru sun ƙare an rufe, an kuma gina matsaya a Carabane. A watan Janairu na 2019 Shugaba Macky Sall da Shugaba Adama Barrow suka buɗe gadar da ta ƙetare kogin Gambiya kusa da Farafenni, layin jirgin fiton nan na kwana da kwanaki ya kau. Wannan gada, a ganina, ta fi kowace doka rage haɗarin, domin mutumin da ke da hanya biyu ba ya cusa kansa inda ya ga an cika. Yaƙin ma ya lafa ƙwarai; an sa hannu a kan yarjejeniya a 2004, an sake da wani ɓangare na 'yan tawayen a Bisau a 2022 da kuma 2025.

Duk da haka, a watan Yuni na 2023 aka ga cewa tsohon hali yana nan. Rikici ya tashi a ƙasar bayan kotu ta yanke wa Ousmane Sonko hukunci, shi kuwa a lokacin shi ne magajin garin Ziguinchor kuma babban ɗan hamayya. Sai Gwamnati ta dakatar da jiragen Casamance gaba ɗaya, aka ce saboda tsaro. Wata goma suna ɗaure a tasha. Masu kashu da mangwaro da kifi suka sake komawa 'yar gidan jiya, kamar a 2001. Ba a sake su ba sai a watan Afrilu na 2024, bayan an yi zaɓe Bassirou Diomaye Faye ya hau mulki ya naɗa Sonko Firayim Minista. Watau har yanzu jirgin da talaka ke kai kayansa kasuwa da shi, a idon masu mulki makami ne da za a buɗe ko a rufe gwargwadon yadda siyasa ta kaɗa.

Iyalan mamatan sun daɗe suna neman abu uku: a gina wurin tunawa, a sake buɗe shari'a, a kuma ɗago jirgin daga ƙarƙashin teku domin su binne nasu kamar yadda addini da al'ada suka tanada. Na farkon sun samu a watan Janairu na 2024, sa'ad da aka buɗe gidan tarihi na Joola a bakin kogi a Ziguinchor, shekara 21 da 'yan watanni bayan abin. Batun ɗago jirgin an sha yin alkawarinsa tun zamanin Wade. Wurin da yake kwance ba shi da zurfin da zai gagari injiniyoyin zamani, kuma sananne ne. Masu ƙin a taɓa shi suna cewa ƙarfen ya ruɓe, a bar matattu su huta, tekun ta zama kabarinsu. Iyalai suna cewa ba su ne za su yanke wannan ba, masu gawa ne, kuma uwar da ba ta ga kabarin ɗanta ba ba ta gama zaman makoki ba. Mutum fiye da dubu ne ba a ga gawarsu ba, ana kuma kyautata zaton da yawansu suna cikin jirgin.